Yadda nake tada fuskar garin magnetait kafin ya shiga gurɓataccen ruwa

Garin magnetait, wato oksaid ɗin ƙarfe mai bin maganaɗisu, da ka haɗa da hannunka baƙi ne wuluk kamar kwalli. Ka zuba shi a ruwa ya bazu, ka kara maganaɗisu a jikin kwalbar, kafin minti guda ya tattaru gefe ɗaya, ruwan ya washe tas. Wannan halin nasa ne ya sa masu binciken tsabtace ruwa suke ƙaunarsa, domin bayan ya gama aiki ba ka buƙatar matata, ba ka buƙatar injin juyawa, maganaɗisu kaɗai ya isa ya dawo maka da kayanka. Amma duk shekara sai ɗalibi ya same ni a ɗakin gwaji, riƙe da bika, wato kofin gilas na gwaji, mai ruwa rawaya, ya ce, "Malam, na sa katalis ɗin tun awa guda, launin ko gezau." Nakan ce masa garinsa lafiya lau yake, barci kawai yake yi, ba a tashe shi ba.

Katalis, wato abin da ke hanzarta haɗuwar sinadarai ba tare da shi ya ƙare ba, a fatarsa yake aiki. Cikin ƙwayar shi ke amsa kiran maganaɗisu, fatar kuwa ita ke karɓar elektron daga wannan ta miƙa wa wancan. Idan fatar ta sha iska ta yi tsatsa, ko gishirin haɗi ya lulluɓe ta, ko ƙwayoyin sun dunƙule sun ɓoye fuskokinsu, to garin zai bi maganaɗisu yadda ya kamata amma ba zai taɓa gurɓatar da ke cikin ruwan ba. Abin da zan zayyana shi ne hanyar da nake bi, daga haɗa garin har zuwa tabbatar da cewa aikin da na gani na gaske ne.

Haɗa garin

Hanyar da kusan kowa ke bi ita ce wadda René Massart ya bayyana a 1981: a haɗa gishirin ƙarfe iri biyu, Fe2+ kashi ɗaya da Fe3+ kashi biyu, a zuba musu alkali, magnetait, Fe3O4, ya sauko. Ni nakan auna giram 5.41 na FeCl3·6H2O da giram 2.78 na FeSO4·7H2O, in narkar da su a mililita 200 na tataccen ruwa. Idan FeCl2·4H2O ne a hannunka, giram 1.99 shi ne madadinsa. A lissafi, wannan zai ba ka kusan giram 2.3 na gari.

Kafin ka auna komai, buɗe kwalbar gishirin Fe2+ ka duba launinsa. Mai kyau kore ne fatsi-fatsi mai ɗan shuɗi. In ka ga ya koma rawaya ko ruwan ƙasa, iska ta riga ta cinye shi, kada ka ɓata ranarka. Oksijin shi ne babban abokin gabar wannan aiki tun daga farko har ƙarshe. Wanda yake da tukunyar iskar naitrojin sai ya busa ta cikin ruwan minti ashirin kafin ya fara, ya kuma bar ta tana tafiya har a gama. Mu da sau da yawa tukunyar takan ƙare ba a cika ba, muna tafasa ruwan minti ashirin, mu rufe shi ruf ya huce, mu ƙara ɗan Fe2+ kaɗan a kan ma'auni don rama wanda iska za ta ci. Ba daidai yake da naitrojin ba, amma yana fitar da baƙin gari mai bin maganaɗisu.

Ɗumama haɗin zuwa digiri 70 ko 80, kana juyawa da ƙarfi. A nan akwai kuskuren da kusan kowane sabon hannu yake yi: jefa ɗan sandar maganaɗisu na juya ruwa a cikin kwalbar. Abin da kake haɗawa mayen maganaɗisu ne, duk zai manne a jikin sandar ya zama dunƙule. Yi amfani da majuyin sama mai sandar gilas ko roba, in babu ka juya da hannu. Sannan a cikin akwatin zuƙe hayaƙi, ka zuba mililita 20 na amoniya mai ƙarfin kashi 25 cikin ɗari, a tashi ɗaya, ba ɗigo-ɗigo ba. Ruwan da yake ruwan lemo zai koma baƙi nan take. Duba pH ya kai 10 zuwa 11, ka ci gaba da juyawa rabin awa.

Ƙwayoyin da wannan hanya ke bayarwa sukan kai nanomita goma ko kusa da haka. A wannan ƙanƙanta, suna bin maganaɗisu idan yana kusa, da an ɗauke shi kuma sai su saki juna, shi ya sa ake iya sake baza su. Maganaɗisun da nake tara su da shi na niyodimiyam ne da na ciro daga tsohon faifan ajiyar kwamfuta a wurin masu gyara, kuma har yau bai ba ni kunya ba. Ka kara shi, ka tsiyaye ruwan sama, ka wanke da tafasasshen ruwan da ya huce har pH ya sauko kusa da 7, sannan sau biyu da etanol. Wankin nan shi ne matakin farko na tada fuska, ko da yake ba a cika kiransa haka ba, domin kiloraid da salfet da amoniyam da suka saura a kan ƙwayoyin suna toshe gurbin da aiki zai zauna.

Shawarata ita ce kada ka busar da shi. Na taɓa barin wani kaso a tanda, wuta ta ɗauke, ta dawo cikin dare ba kowa, zafi ya haura, da safe na tarar da gari ruwan ƙasa. Ya koma maghemait, wanda har yanzu yana bin maganaɗisu amma Fe2+ ɗinsa ya tafi. In zafin ya yi tsanani sosai ma hematait zai zama, ja kamar jar ƙasa, maganaɗisu ba ya ɗaga shi. Tun daga ranar nake ajiye garina a jiƙe cikin etanol, kwalba cike har wuya. In ina son sanin nauyi sai in ɗebi mililita ɗaya in busar da shi kaɗai in auna.

Tada fuskar

Magnetait tsirara ba gwani ba ne wajen ɗura wa gurɓata elektron daga sodiyam borohaidraid, NaBH4, sinadarin da ake zubawa don ya ba da elektron ɗin. Yana buƙatar wani ƙarfe a fatarsa wanda zai kama haidirojin ya riƙe. Zinariya da azurfa da faladiyam suna yi ƙwarai, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancinmu. Jan ƙarfe yana da arha, yana kuma aiki da sauri, shi nake amfani da shi. Aibinsa guda ne, yana saurin shan iska, kuma za mu dawo kan wannan.

Matsalar farko ita ce yadda za a sa jan ƙarfen ya zauna a jikin ƙwayar. Fuskar magnetait ba ta da caji a pH wajen 6.5, ƙasa da haka cajinta tabbatacce (+) ne, irin na Cu2+, don haka suna ture juna. In kuma ka ɗaga pH don ka gyara wannan, jan ƙarfen zai sauko da kansa a matsayin shuɗin laka, a ware da garinka. Mafita ita ce sitret. Ka baza giram ɗaya na magnetait a mililita 100 na ruwa, ka zuba rabin giram na tiraisodiyam sitret, ka riƙe shi a digiri 80 na tsawon awa ɗaya kana juyawa. Sitret yana kama ƙarfen fuskar da hannu ɗaya, ya bar sauran hannuwansa a waje da caji korarre (−), su ne za su cafke Cu2+.

Bayan wannan za ka ga abin da zai tsorata ka in ba a faɗa maka ba: ka kara maganaɗisu, ruwan ya ƙi washewa. Ba lalacewa ya yi ba, ƙwayoyin ne suka bazu sosai suna ture juna. Zuba asiton ko etanol kwatankwacin yawan ruwan, za su tattaru su bi maganaɗisu. Wanke sau uku. Sitret ɗin da ya saura yana yawo a ruwa zai riƙe jan ƙarfen a can, ya hana shi isa fuskar.

Yanzu ka sake baza garin a mililita 100 na ruwan da aka kore wa iska. In kana neman jan ƙarfe kashi 5 cikin ɗari na nauyin garin, miligiram 50 ke nan, wanda ke cikin giram 0.196 na CuSO4·5H2O. Narkar da shi a ɗan ruwa, ka zuba, ka riƙe pH wajen 5, ka girgiza awa biyu. Sannan ka narkar da giram 0.15 na NaBH4 a mililita 20 na ruwan ƙanƙara, a lokacin da za ka yi amfani da shi, ka ɗiga a hankali. Wannan karon ɗigo-ɗigo ne. Zai yi kumfa, kumfar nan haidirojin ce: giram ɗaya na NaBH4 yana iya sakin fiye da lita biyu da rabi. Kada ka toshe kwalbar, kada wuta ta kusanto, kuma kada asid ya taɓa shi. Safar hannu da tabarau dole ne.

Bayan rabin awa ka kara maganaɗisu ka kalli ruwan sama da kyau a gaban farar takarda. In ya fito garau, jan ƙarfen ya zauna inda ake so. In ya rage da duhu-duhu ko ja-ja wanda ba ya matsawa wajen maganaɗisun, wani kaso ya zama ƙwayoyi masu zaman kansu, kuma waɗannan za su bi ruwa su tafi. Kada ka rubuta "kashi 5" a rahotonka don kawai abin da ka auna ke nan; narkar da ɗan garin a asid ka kai na'urar AAS, mai auna yawan ƙarfe a ruwa, ta faɗa maka nawa ya zauna. Na'urar XRD, mai gano tsarin kiristal, ba za ta taimaka sosai a nan ba. Za ta nuna maka babban tsinin magnetait a wajen digiri 35.5, amma tsinin jan ƙarfe na 43.3 yana faɗawa kusan kan na magnetait na 43.1, kuma ba ta rarrabe magnetait da maghemait cikin sauƙi.

Akwai masu lulluɓe ƙwayar da silika ta hanyar Stöber, ko da folidofamin a pH 8.5, kafin su ɗora ƙarfen. Rigar tana kare cikin daga asid, amma kowace riga tana rage jan maganaɗisun. Akwai kuma masu gasa garin a cikin iskar haidirojin. Wannan na ƙarshe ba na ba ɗalibi shawararsa, domin in ya wuce ƙima garin yakan koma ƙarfe tsantsa mai laushi, wanda kan iya kamawa da wuta da zarar ya haɗu da iska.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa, kuma shi ne amsar ɗalibin nan mai bika rawaya. Ko kwana ɗaya katalis ɗin ya yi a ajiye, fatar jan ƙarfen ta riga ta koma oksaid. Don haka ranar gwaji, kafin gurɓatar ta shiga, ka jiƙa miligiram 5 na garin a mililita 5 na sabon ruwan NaBH4 na minti biyar. Borohaidraid zai kankare oksaid ɗin, ya maido da wani kaso na Fe3+ na fuska zuwa Fe2+, ya kuma cinye oksijin da ke narke a ruwan. In ka tsallake wannan, za ka ga lokacin jira a farkon gwajin, minti biyu ko biyar ko fiye launi bai motsa ba, sannan ya faɗi. Wanda bai sani ba sai ya saka lokacin jiran cikin lissafin sauri, ya fito da adadi na ƙarya.

Gwaji da naitrofenol

Abin da ake gwada sabon katalis da shi a ko'ina shi ne 4-naitrofenol, wanda hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa a jerin gurɓatattun sinadarai masu buƙatar kulawa ta farko. An zaɓe shi ne don ba ya yaudara: shi da NaBH4 za su zauna tare awanni ba abin da ya faru in babu katalis, kuma abin da yake komawa guda ne, 4-aminofenol, sinadarin da ake haɗa farasitamol da shi.

Haɗa mililita 50 na ruwa mai ɗauke da naitrofenol miligiram 13.9 a kowace lita, wato milimola 0.1 a lita. A na'urar auna haske tsininsa, wato inda ya fi shan haske, yana nanomita 317. Zuba miligiram 38 na NaBH4, ninki 200 na naitrofenol ɗin ke nan a lissafin mola, launin zai ƙara kauri ya koma rawaya shar, tsinin ya matsa zuwa 400. Wannan ba aiki ba ne tukuna, alkali ne kawai ya cire masa haidirojin guda. Auna shi a matsayin mafari. Sai ka zuba tasasshen katalis, ka danna agogo, kana girgizawa. Duk daƙiƙa talatin ka ɗebi mililita biyu, ka kara maganaɗisu, ka zuba ruwan a kubet, ɗan mazubin da ake sa wa injin auna hasken. Ƙwanƙwasa kubet ɗin da yatsa kafin ka auna, saboda kumfar haidirojin tana manne wa bango ta karkatar da haske, ta sa adadi ya yi tsalle ba dalili.

Abu biyu kake nema a tare: tsinin 400 yana sauka, sabon tsini yana tasowa wajen 300. In na farko ya sauka na biyu bai fito ba, garinka tsotse naitrofenol ɗin ya yi, bai sauya shi ba. Da yake NaBH4 ya yi yawa ainun, zanen ln(A/A0), inda A ke nufin tsayin tsinin 400 a lokacin awo, A0 kuma na mafari, a kan lokaci yakan ba da miƙaƙƙen layi, gangarensa shi ne k, adadin da ke nuna saurin aikin. Raba k da nauyin katalis ɗin kafin ka kwatanta da na wani, ka kuma rubuta zafin ɗakin. Gwajin da aka yi da sanyin hunturu da wanda aka yi a zafin Afrilu a Kano ba za su ba da adadi ɗaya ba.

Kada ka yarda da sakamakon sai ka yi gwaje-gwajen shaida guda uku: naitrofenol da NaBH4 ba katalis, naitrofenol da katalis ba NaBH4, sannan magnetait tsirara da NaBH4. Akwai na huɗu da nake tilasta wa ɗalibaina. Idan aiki ya kai rabi, janye garin duka da maganaɗisu, ka ci gaba da auna ruwan. In launi ya tsaya cak, aikin a fuskar garin yake. In ya ci gaba da sauka, jan ƙarfe ya zube cikin ruwan, shi ke aikin, kuma ka musanya wata gurɓata da wata ke nan.

Abin da marina ta koya mini

Lokacin da na fara gwada rinin shuɗin metilin, wanda tsininsa ke nanomita 664, launin ya ɓace cikin minti biyu, na tafi gida da murna. Washegari na tarar da saman ruwan ya koma shuɗi, da na girgiza kuwa duk bikar ta rine. Na ba kawuna labari, shi marini ne tun yana saurayi, irin masu aikin baba da toka a rijiyoyin rini kamar na Ƙofar Mata. Ya ce, "Ɗana, ai wannan kullum muke gani. Zane in ya fito daga marina kore-kore yake, sai ya sha iska yake zama shuɗi. Launin bai mutu ba, ɓuya ya yi."

Maganarsa daidai take har a ilimin sinadarai. A cikin marina, ruɓawar da ke faruwa tana ɗura wa shuni elektron ya zama mai narkewa marar shuɗi, ya shiga zare, iska ta karɓe elektron ɗin ya koma shuɗi. Shuɗin metilin ma haka yake. Katalis ɗina bai rusa shi ba, ya mai da shi farin nau'insa ne kawai, oksijin kuma ya dawo da shi. Tun daga nan, duk ruwan da ya washe sai na busa masa iska, na bar shi ya kwana a buɗe, kafin in rubuta komai.

Rinin azo kuwa, irin su metil oranj mai tsini a 464, launinsu ba ya dawowa, domin an tsinke haɗin naitrojin biyu da ke ba da launin. Amma guntayen da suka rage sinadaran amin ne, wasunsu sun fi uwar illa. Rinin Kongo red, alal misali, daga benzidin aka gina shi, kuma tsinke shi ta wannan hanya yana iya sakin benzidin, wanda an tabbatar yana haddasa ciwon daji. Wannan yana damuna ƙwarai idan na ga an nuna hoton kwalba biyu, ɗaya ja ɗaya fara, an ce an tsabtace ruwa. Ruwan da ya yi fari bayan borohaidraid yana buƙatar mataki na biyu, ko dai ƙwayoyin bakteriya su cinye sinadaran amin ɗin, ko a ƙone su da haidirojin feroksaid a pH wajen 3, hanyar da ta samo asali daga aikin Fenton na 1894. Magnetait da kansa yana iya wannan aikin na biyu, saboda Fe2+ da ke jikinsa, amma ka yi amfani da kaso na dabam marar jan ƙarfe, domin asid zai narkar da jan ƙarfen. Ka kuma tabbata ragowar NaBH4 ta ƙare kafin feroksaid ya shiga, in ba haka ba su biyun za su cinye juna.

Ga kuma boron. Duk NaBH4 da ka zuba yana ƙarewa a matsayin boret a cikin ruwan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar boron a ruwan sha miligiram 2.4 a lita, jan ƙarfe kuma miligiram 2. Gwajinmu na miligiram 38 a mililita 50 ya bar boron sama da miligiram 200 a lita. Shi ya sa nake ɗaukar wannan hanya a matsayin ma'aunin ingancin fuska da kuma maganin ƙaramin ruwa mai kaurin gurɓata, ba abin da za a juye a magudanar masana'anta ba.

Idan ka tashi gwada ruwan gaske, irin na unguwannin masana'antu kamar Challawa da Sharaɗa da Bompai inda majemu suke, ka sa ran saurin zai faɗi warwas. Ruwan jima yana ɗauke da salfaid daga matakin cire gashi, kuma salfaid yana kama jan ƙarfe ya kashe fuskar cikin mintuna. Akwai kiromiyam, akwai kitse da gishiri. Tace ruwan tukuna, ka busa masa iska don rage salfaid, ka fara da kashi ɗaya nasa cikin tara na tataccen ruwa, kana ƙarawa har ka ga inda katalis ɗin ya gaza. Wannan iyakar ita ce sakamakon da ya fi amfani ga mai karanta rahotonka.

Sake amfani da ajiya

Bayan kowane zagaye, janye garin, wanke sau biyu da ruwa sau ɗaya da etanol, ka sake tada shi minti biyar kafin zagaye na gaba. Yi aƙalla zagaye biyar, kana lissafa k kowane karo. Kada ka dogara da cewa launi ya ɓace a ƙarshe, domin katalis da ya rasa rabin ƙarfinsa ma zai washe ruwan in an ba shi lokaci. Miligiram 5 ya yi kaɗan a gane asarar nauyi, don haka gwajin maimaitawa nakan yi shi da miligiram 50 a ruwa mai yawa, in busar in auna a ƙarshe, in san ko raguwar sauri daga mutuwar fuska take ko daga garin da ya bi ruwan wanki. Ruwan kowane zagaye kuma a ajiye kaɗan a kai AAS don jan ƙarfe. Ƙarfen magnetait da ya zube ana iya auna shi da fenantirolin a nanomita 510.

Ragowar katalis ya koma cikin etanol, kwalba mai duhu, cike, a rufe, da kwanan wata a jiki. Wanda ya wuce mako biyu nakan sake gwada shi da naitrofenol kafin in amince da shi. Ruwan gwajin kuwa kada ya bi kwata: tara shi a jarka ta musamman, ka bar murfin a sassauce kwana biyu har kumfar haidirojin ta ƙare, sannan ka rufe ka rubuta abin da ke ciki.